Ba a fafe gora ranar tafiya: sikila, matasa da darasin da ke cikin binciken Kano

A ranar 8 ga Disambar 2023, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Casgevy, magani na farko da ke gyara ƙwayar halittar gado ta hanyar fasahar CRISPR domin masu cutar amosanin jini, wato sikila. Birtaniya ta riga ta da 'yan makonni, a watan Nuwamba. A lokacin an ƙayyade cewa sai mai shekara 12 zuwa sama za a yi wa, kuma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Wata biyar bayan haka, a Mayun 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, ciki har da gwajin nau'in jinin gado. Mataki ɗaya yana can ƙetaren teku inda aljihun talaka ba ya kaiwa, ɗayan kuma yana bakin ƙofar ɗaurin aure. Tsakaninsu akwai matashin da ya wuce ɗakin likitan yara, bai kuma kai munzalin aure ba, kuma shi ne aka fi mantawa da shi a duk wannan lissafi.

Harafi ɗaya a littafin gado

Asalin cutar ƙaramin abu ne ƙwarai. Himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ana gina shi ne bisa umarnin da ke rubuce a ƙwayar gado. A masu sikila, harafi ɗaya tak ya sauya a umarnin da ke kan kuromosom na 11, sai tubali na shida a sarƙar sinadarin ya zama wani daban. Idan iska ta yi ƙaranci a jini, wannan himogulobin yakan manne da juna ya yi tsinkaye, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje. Ƙwaya mai lafiya tana rayuwa kusan kwana 120. Mai siffar lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Daga nan ƙarancin jini yake fitowa. Kuma da yake ta yi tauri, takan toshe ƙananan hanyoyin jini, abin da ke haddasa azababben ciwon ƙashi, lalacewar saifa da ƙoda, da shanyewar ɓarin jiki.

Likita James Herrick ne ya fara bayyana cutar a rubuce a Chicago a 1910. Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa matsalar tana cikin himogulobin. A 1954 Anthony Allison, wanda ya yi bincikensa a Gabashin Afirka, ya gano dalilin yawanta a nahiyar: mai ɗauke da kwafi ɗaya, wato AS, yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Ke nan AS garkuwa ce da kakanni suka bari, kuma ita ta sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya ke ɗauke da ita.

Daga wannan adadi lissafin yake fita da kansa. Idan ɗaya cikin huɗu AS ne, to a aure ɗaya cikin goma sha shida miji da mata duk za su kasance AS. A irin wannan aure kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zama SS, kuma kowane ciki lissafinsa daban. Haihuwar mai sikila a fari ba ta wanke na biyu. Auren zumunci a dangin da ke ɗauke da S yana ƙara yiwuwar haɗuwar biyun. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana amfani da shi ya ce ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu cutar a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa. Ba mamaki idan wasu daga cikin yaran da a da ake kira 'yan wabi, masu mutuwa ɗaya bayan ɗaya a ɗaki guda, wannan cuta ce ta ɗauke su ba a sani ba.

Abin da sabon maganin ke yi

Casgevy ba ya taɓa harafin da ya sauya. Hanya yake zagayawa. Jariri a ciki yana da nasa himogulobin na musamman wanda ba ya lanƙwashewa, shi ya sa alamun cutar ba su cika bayyana ba sai bayan wata shida da haihuwa. A 2007 da 2008 masu bincike suka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ita ce makunnin da ke kashe himogulobin na jarirai. Abin da likitoci ke yi shi ne su ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jinin majiyyaci, su raunana wannan makunni a ɗakin gwaji, su share tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, sannan su mayar da gyararrun. A bayanan da hukumar Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da tashin ciwo mai tsanani ba.

Nasara ce babba. Sai dai tana buƙatar makonni a asibiti, jini mai yawa da aka tace, da ɗakin da ƙwayar cuta ba ta shiga. Maganin share ɓargon kuma yana iya hana haihuwa har abada, tambaya mai nauyi ga yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da iyayenta. Sabon magani kuma ba kullum yake cika alkawari ba: a Satumban 2024 kamfanin Pfizer ya janye Oxbryta daga kasuwannin duniya, bayan bayanai sun nuna haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa.

Abin da Kano ta tabbatar da kanta

Labarin da ya fi shafar gidajen Badawa, Giginyu da Hotoro an rubuta shi ne a cikin gari. Binciken Amurka ya nuna cewa kusan kashi 11 cikin ɗari na masu SS kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su cika shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba. A 1998 aka tabbatar cewa na'urar da ke auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa tana iya nuna yaron da ke cikin haɗari, kuma ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin da kusan kashi 90. Amma ƙarin jini duk wata, shekara da shekaru, abu ne da yawancin iyalai a Arewa ba za su iya ba.

Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, cikinsu har da Shehu Umar Abdullahi da Najibah Galadanci, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka yi tambayar da ta dace da ƙasarsu: shin ƙwayar haidroksiyuriya, wadda ita ma take ƙara himogulobin na jarirai, za ta iya tsayawa a madadin jinin? Gwajin da suka kira SPRING ya ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 a Kano da Kaduna, waɗanda na'ura ta nuna suna cikin haɗari. An ba rabi miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi kuma 20. Sakamakon da mujallar Lancet Haematology ta buga a 2022 ya nuna cewa shanyewar jiki ta yi ƙasa a ɓangarorin biyu, nesa da abin da aka sani ga yaran da ba a yi wa komai ba, sai dai masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Kafin nan, gwajin REACH a Angola, Kwango, Kenya da Uganda, wanda aka buga a 2019, ya nuna maganin yana rage tashin ciwo, ƙarin jini, mutuwa, har ma da zazzaɓin cizon sauro.

Maganin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ana kuma sarrafa shi a Najeriya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Aikin Kano bai tsaya a takarda ba, domin an horar da ma'aikata an buɗe sassan rigakafin shanyewar jiki a asibitocin jiha, cikinsu har da na Murtala, na Hasiya Bayero, da na Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa, 'yar tafiya kaɗan daga Badawa.

Shekara goma sha biyu, sannan me?

A nan ne gizo ke saƙar. Yaran SPRING an ɗauke su ne tsakanin 2016 da 2018. Yau sun zama samari da 'yan mata. Cutar kuma takan sauya kama a wannan zango. Balaga kan yi jinkiri, yarinya ta ga sa'o'inta sun wuce ta. Gyambon ƙafa da mutuwar kan ƙashin ƙugu sukan fara bayyana. Samari da yawa suna fama da miƙewar gaba mai raɗaɗi da kan ɗauki sa'o'i, wadda kunya ke hana su faɗa har sai ta yi illa. Likitocin Asibitin Malam sun yi nazari a kanta, kuma magana ce da ya kamata ta fito daga ɓoye. Ga makarantar kwana, inda ake wanka da ruwan sanyi a hunturu, ake horo da aikin ƙarfi, ba a kuma san cewa ƙishirwa kaɗai na iya kwantar da ɗalibi ba. Ga kallon da akan yi wa matashin da ke neman maganin ciwo mai ƙarfi, a garin da shaye-shaye ya sa kowa zargi.

Wannan giɓi ba na Kano kaɗai ba ne. Wani nazari da aka yi a Dallas, aka buga a 2010, ya gano cewa fiye da kashi 90 na yara masu SS suna kaiwa shekara 18, amma haɗarin mutuwa ya koma lokacin da suka bar hannun likitan yara. Idan haka ta faru inda ake da kayan aiki, to inda uwa ce kaɗai ke riƙe da katin asibiti da tarihin ciwon a kanta, sai a ƙiyasta.

Dokar 2024 tana da kyakkyawar manufa, amma lokacin da ta zaɓa shi ne mafi wahala. Ana zuwa gwaji ne bayan an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe. A wannan gaɓa takardar sakamako ta zama abokiyar gaba, kuma inda aka matsa wa mutane haka, ba a rasa mai neman ɗakin gwajin da zai rubuta abin da ake so. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san nau'insa tun yana aji uku na ƙaramar sakandare zai shiga neman aure da saninsa, tambayar kuma ta zo tun ana gaisawa, kafin zuciya ta yi nisa.

Akwai masu tsoron cewa gwaji a makaranta zai jawo wa 'yan mata masu AS tambari, su rasa manema. Tsoron yana da tushe, domin a al'adance laifin haihuwa kan faɗa kan mace. Amsarsa tana cikin yadda za a yi gwajin: da izinin iyaye, ga maza da mata baki ɗaya, a miƙa sakamako a rufe ga ɗalibi da waliyyinsa, kada ya shiga rajistar makaranta. A kuma haɗa shi da darasi mai sauƙi: AS ba cuta ba ce, mai AS zai auri mai AA ba tare da fargabar haihuwar SS ba, mai SS ma haka, kuma rukunin jini na A, B da O da ake dubawa wajen ƙarin jini wani abu ne daban. Dole kuma gwajin ya zama ingantacce, a maimaita shi a wani ɗakin gwajin kafin a gina hukunci a kansa, tunda kuskuren sakamako ɗaya yana iya rusa aure ko ya haifar da abin da ake gudu.

Shi ma haidroksiyuriya yana da nasa sharuɗɗa. Sai an riƙa auna jini lokaci-lokaci, yana iya rage ƙwayoyin maniyyi, kuma ana sake shawara da likita idan ana shirin ɗaukar ciki. Waɗannan tambayoyi ne na matasa, kuma ba a yin su a gaban uwa a ɗakin da ke cike da jarirai.

Abin da ke iya yiwuwa

Abu uku suna cikin ikon jiha ba tare da jiran dala ba. Na farko, rana ɗaya a mako a manyan asibitoci ta zama ta masu sikila 'yan shekara 13 zuwa 19, likitan yara da likitan jini na manya su zauna tare, matashi ya koyi sunan maganinsa da adadinsa, ya iya ba da tarihin ciwonsa da bakinsa. Na biyu, haidroksiyuriya da gwajin jinin da ke tafiya da shi su kasance tabbatattu a tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ga duk mai SS, har bayan ya wuce shekarun yarinta. Na uku, gwajin nau'in jinin gado ya sauko zuwa ƙaramar sakandare da Islamiyya, kafin a kai ga gwajin jarirai a duk ɗakin haihuwa.

Masu makarantu, masu ɗakunan gwaji, likitoci, lauyoyi da manyan ma'aikatan da ke zaune a Badawa da sauran unguwannin Nassarawa ba sa buƙatar doka kafin su fara. Makaranta guda tana iya gayyatar ƙwararru a zango mai zuwa, ta kuma sanar da malamanta cewa ɗalibi mai sikila yana da izinin gorar ruwa da rigar sanyi. Limamin da ke ɗaura aure yana iya yin wannan magana a huɗuba tun kafin waliyyai su zauna a gabansa. Wata rana gyaran ƙwayar gado zai yi araha ya iso Kano, kuma sai wanda ƙodarsa da ƙwaƙwalwarsa suka kai wannan rana lafiya ne zai amfana da shi.