Yaɓe Ba Ya Maganin Bango Mai Ciki

Jama'a, wanda duk ya ratsa Sharada, ko Challawa, ko Bompai bayan damina, ya ga katangu sun yi ciki, sun tsage. Masu su sai su liƙe tsagar da siminti. Mu dai a ganinmu yaudarar kai ce, gama cutar a gindi take: ruwan Agusta ke kwanciya bayan bango, ƙasa ta jiƙe, ta tura shi. To, a fara haƙa lambatu, sa'an nan a tokare bangon da ginshiƙai. Dubi ganuwar Kano, wadda aka fara zamanin Sarki Gijimasu: gindi kakkaura, kai siriri. Leburori ke hutawa a inuwar katangun nan, ransu kuwa ya fi buhun siminti tsada. Allah ya sa a ji.