Hulɗa da Jama'a Ba Bambaɗanci Ba Ce

Matasa da dama masu sha'awar zama jami'an hulɗa da jama'a sun ɗauka aikin bai wuce yabon maigida da rufa masa asiri ba. Wannan fahimta ce ke durƙusar da su tun ba su yi nisa ba. Jarin mai wannan sana'a amana ce. Ranar da 'yan jarida suka kama shi da ƙarya, sanarwarsa ta zama takardar tsire. Ga misalin amfanin riƙe amana: a 1982 mutum bakwai suka rasu a yankin Chicago da ke Amurka bayan shan maganin Tylenol da aka sanya wa guba. Kamfanin Johnson & Johnson, mai maganin, ya gargaɗi jama'a, ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa, kuma ba a daɗe ba masu saye suka dawo.

Wani zai ce ai mai biyan albashi yabo yake so. Haka ne, amma yabon da jama'a ba su gaskata ba asarar kuɗinsa ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wani kuma zai ce waya da mabiya a Facebook sun wadatar. Ba su wadatar ba: tun 1990 doka ta ɗora wa cibiyar hulɗa da jama'a ta ƙasa (NIPR) alhakin yi wa masu sana'ar rajista a Nijeriya. Don haka mai son ɗorewa ya yi karatu, ya iya rubutu, ya yi rajista, sannan ya koyi gaya wa maigida gaskiya cikin ladabi.