Mota Ma Tana Da Ƙasarta

Jama'a, a wannan mako zan jingine zancen siyasa gefe guda in ba ku labarin wata mota, domin abin da ya sami mai ita yana iya samun duk wanda ya yi niyyar ƙaura zuwa wata ƙasa maƙwabciya da abin hawansa.

Ina da wani yaya, ɗan wan mahaifina, malamin makaranta ne a Katsina. Bara da kaka ya sami aikin koyar da Turanci a wata makaranta mai zaman kanta a Maraɗi, ya kwashi iyalinsa a cikin motarsa ƙirar Toyota Corolla ya kama hanya. Wanda ya san wurin ya san tafiyar ba wata mai nisa ba ce: daga Katsina a bi Jibiya, a tsallaka zuwa Ɗan Isa, kafin a gaji da zama an shiga Maraɗi. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, dangi a kowane ɓangare. Hannun tuƙi ma ɗaya ne, tun da Nijeriya ta bar hannun hagu ta koma dama ran 2 ga Afrilu, 1972. A bakin iyaka aka ba shi wata 'yar takarda da Faransanci, ya biya abin da aka ce ya biya, ya ninke ta ya jefa aljihun mota, bai sake waiwayarta ba.

Bayan wata biyar sai ga wayarsa da sassafe. Ya ce, “Ƙanena, kai da kake aikin jarida, ko ka san wani babba a nan? An riƙe mini mota.” Na ce, “Yaya, haɗari ka yi?” Ya ce ko kusa. Tsayar da shi aka yi a hanya, aka nemi takardu, ya miƙa dukan na Nijeriya cif-cif, har da takardar kwastan ta asali wadda yake alfahari da ita. Ma'aikacin ya ture su gefe, ya zaro waccan 'yar takarda, ya nuna masa kwanan watan da ke jikinta. Wa'adinta ya daɗe da wucewa.

Yaya ya yi fushi ƙwarai, yana cewa an ci zalinsa. Ni kuwa da na bi diddigin al'amarin, dole na gaya masa gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba, watau ma'aikatan nan ba su ƙetare doka ba. Shi ne bai san cewa shi da motarsa ba matsayinsu ɗaya a idon hukuma ba. Shi mutum ne, yana da 'yancin shiga da zama gwargwadon ƙa'ida. Mota kuwa kaya ce, kamar buhun shinkafa ko bandir ɗin atamfa, kuma kowace ƙasa tana da haƙƙin karɓar harajinta a kan kayan da suka shigo suka zauna.

Ga yadda abin yake. Yarjejeniyar zirga-zirga da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar cikin 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga 'yar'uwarta ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Mutane da yawa sun san wannan. Abin da ba su sani ba shi ne, yarjejeniyar ta yi wa motoci nasu babin dabam. Motar gida mai lambar wata ƙasa tana iya shiga ta yi kwana 90, motar haya kuwa kwana 15, muddin direba yana riƙe da lasisin tuƙi mai rai, da takardar mallaka, da inshorar da ƙasashen suka amince da ita, da kuma takardar kwastan ta wucewa. Wannan ta ƙarshen ita ce mutanen Nijar ke kira lesefase, ita ce kuma yaya ya jefa aljihun mota. Ma'anarta ita ce hukuma ta yarda motar baƙuwa ce, ta jingine harajinta bisa alkawarin za ta koma inda ta fito. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To, raɓar da ta wuni ta kwana har ta yi wata biyar, ai ta tashi daga raɓa.

Sa'an nan ga wani sabon al'amari. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS ran 29 ga Janairu, 2025. Kafin ficewar, cikin Disamban 2024, shugabanninsu sun ba da sanarwa cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, motocinsu kuma za su shiga bisa dokokin da ke aiki a kowace ƙasa. Saboda haka wanda ya nufi Kwatano ko Parakou a Jamhuriyar Benin yana da yarjejeniyar 1979 a bayansa, amma wanda ya nufi Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni kada ya tsaya gardamar kwana 90 da kowa. Kwanakin da aka rubuta masa a jikin takardarsa su ne hujjarsa, in sun kusa cika ya koma ofishin duwan, watau kwastan ɗinsu, ya nemi ƙari tun kafin su cika. Mai zuwa Kamaru ko Chadi kuwa dama can ba ya cikin wannan lissafi, domin su ƙungiyarsu dabam ce, katin inshorarsu na tsallaka iyaka mai ruwan hoda ne, har sefarsu ma ba irin ta Nijar ba ce.

Abin da ya fi yi wa yaya ciwo shi ne batun biya sau biyu. Ya yi ta nanata cewa an riga an biya wa motar nan kwastan a Legas, don me za a sake? Amsar ita ce kuɗin da aka biya a Legas baitulmalin Nijeriya ya shiga, ba ya bin mota ya tsallaka iyaka. Sassaucin haraji da ke tsakanin ƙasashen Afirka ta Yamma an yi shi ne domin kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin, masu takardar shaidar asali. Motar da aka ƙera a Japan, ta tsufa a Amurka, ta sauka a tashar Tin Can, ba ta zama 'yar Nijeriya a wannan ma'ana ba don kawai an liƙa mata lambar Katsina. Abin dariyar ma shi ne, da yawa daga motocin da muke hawa a Arewa ta Nijar suka biyo tun farko, daga tashar Kwatano zuwa Gaya, su gangaro Ƙonni ko Maraɗi, sa'an nan su shigo mana. Shi ya sa ake ce musu 'yan Kwatano. Amma a wancan karon wucewa suka yi, ba zama ba.

To, nawa ne kuɗin zaman? Bari mu yi lissafi na misali. A jadawalin harajin bai ɗaya da ƙasashen yankin suka fara aiki da shi cikin 2015, ƙananan motoci suna rukunin kashi 20 cikin 100. A kan wannan Nijar tana ɗora harajin TVA kashi 19, wanda shi ne takwaran VAT namu mai kashi 7.5, ana kuwa lissafa shi ne bayan an haɗa darajar mota da harajin farko. In aka ƙiyasta motarka sefa miliyan 3, harajin farko ya kama 600,000, TVA kuma 684,000, jimla 1,284,000 ke nan. Ba a zo kan ƙananan haraje-haraje ba tukuna, ciki har da rabin kashi ɗaya cikin 100 da ƙasashen nan uku suka ƙara cikin Maris na 2025 a kan kayan da ke shigo musu daga waje. Ka ga an haura kashi 40 cikin 100 na darajar motar. Darajar kuma ba kai ke yanke ta ba. Ba rasiɗin dillalinka kaɗai za a duba ba, za a dubi ƙirar motar da shekararta da girman injinta. Ka kuma tuna sefa a ɗaure take da kuɗin Yuro, sefa 655.957 a kan Yuro ɗaya, alhali naira tana hawa tana sauka, don haka mai biya daga ajiyar naira ya shirya wa abin da bai zata ba.

Bayan an sallami duwan ne ake shiga rajista. Za a gwada lafiyar motar, a ba ta sabuwar lamba, a ba mai ita takardar mallaka wadda suke kira kart giris. Sai harajin shekara-shekara mai suna binyet, wanda ake yankawa gwargwadon ƙarfin inji, sai kuma inshora daga kamfanin can. Katin inshora mai ruwan ƙasa na ECOWAS, wanda aka ƙirƙiro cikin 1982, kuma aka haɗa shi cikin inshorar naira 15,000 da ake yanka wa motocin gida a Nijeriya tun Janairun 2023, na matafiyi ne mai lambar Nijeriya. Ran da lamba ta canja, aikinsa ya ƙare.

A nan ne halinmu na 'yan Nijeriya yake tona mana asiri, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Mu mutane ne masu sayen mota a hannu na uku ko na huɗu, a rubuta 'yar yarjejeniya a fallen takarda, shaidu biyu su sa hannu, shi ke nan. Shekara biyar kana hawa, amma takardun suna ɗauke da sunan wani bawan Allah na Ibadan wanda ba ka taɓa gani ba, wataƙila ma ya riga mu gidan gaskiya. A gida ana sabunta lasisin mota a haka kowace shekara ba mai tankawa. A ƙasar da ta gaji tsarin Faransa kuwa, suna shi ne komai. In sunan da ke fasfo ɗinka bai yi daidai da na takardar mota ba, tambayar farko ita ce ina ka samo ta. Ko bambancin Muhammad da Mohammed yana iya cinye maka mako guda kana zarya. Haka nan lambar shasi. Dole baƙaƙe da alƙaluman nan 17 da ke jikin ƙarfen motar su zo daidai da na kowace takarda, domin da su ake binciken motocin sata. Wanda bakanike ya taɓa sauya wa inji ba a gyara a takarda ba, shi ma ya san da zamansa. Mafi muni duka ita ce takardar kwastan ta bogi, wadda mutum zai riƙe shekara da shekaru da zuciya ɗaya, sai ran da ya je neman wata sabuwa a bisanta ya tarar ba ta da tushe.

Yaya ya faɗa biyu daga cikin waɗannan ramuka. Sunan tsohon mai motar ne a takardu, kuma wani ɗan kamasho da ya yi masa alkawarin zai kashe maganar cikin kwana biyu ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya. Af, har lissafin kuɗin ma ya rikita shi da farko, domin a bakin mutanen can dala sefa biyar ce, jaka kuwa sefa dubu, in an ce maka dala ɗari ana nufin 500.

Wani zai ce ai ana yi wa mai ƙaura sassauci a kan kayan gidansa. Haka ne, gado da katifa da tukwane sukan wuce ba haraji in an bi ƙa'ida. Amma kada kowa ya ɗauka mota tana ciki sai ya gan ta a rubuce da hatimi. Waɗanda aka sani da shigar da mota ba haraji su ne ma'aikatan jakadanci da na ƙungiyoyin duniya, su ma lambarsu dabam ce, kuma ran da za su sayar wa ɗan gari sai an biya abin da aka jingine.

Akwai kuma batun dawowa, wanda mai ɗokin tafiya ba ya tunawa. Motar da ta karɓi lambar Nijar ta zama baƙuwa a garin da ta fito. Ran 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, sababbi da tsofaffi. Iyakar kanta an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Duk mai niyyar canja wa motarsa ƙasa, ya fara zuwa ofishin kwastan na gida ya ji matsayinta in ya tashi dawowa, ya kuma adana takardunta na Nijeriya kamar takardar gona.

Ra'ayina dai, wanda zai yi 'yan watanni ya riƙe lesefase ɗinsa da kyau, ya rubuta ranar cikarta a bangon ɗakinsa. Wanda zai yi shekaru kuwa, in motar tsohuwa ce, ya sayar da ita a gida ya sayi mai lambar can, ya fi masa sauƙi da kwanciyar rai. Sai mai sabuwar mota mai daraja ne lissafin zai iya fitar da shi.

Ina kuma da kira ga Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971 mai hedkwata a Yamai. Iyakar nan ta kai kimanin kilomita 1,500, akasarin masu tsallaka ta kuwa Hausa suke ji, amma takardar da ake miƙa musu ko dai Faransanci ce ko Turanci. Me zai hana a kafa allo da Hausa, boko da ajami, a Jibiya da Illela da Maigatari da Kongolam da Kamba, a rubuta takardun da ake bukata, da kuɗin kowace, da kwanakin da take yi? Kuɗin allon bai kai tarar mutum guda ba, kuma zai rage wa 'yan kamasho kasuwa. Ga aikin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa cikin Fabrairun 2021, wanda zai ƙara yawan masu aiki a can da iyali a nan.

Shi yaya, bayan mako uku yana zuwa makaranta a kabukabu, ya biya tara, aka ba shi wa'adin fitar da motar. Ya koro ta Katsina, ya sha wahalar gyara sunan da ke takardu, ya sayar da ita a kan asara. Yanzu babur yake hawa, a Maraɗi ya saye shi, da sunansa a kart giris harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo. Uwargida dai har yau ba ta daina yi masa mitar motar ba.