Kun ƙirga masu shiga, wa ya ƙirga waɗanda suka zube?

Shugabannin jami'o'in Kano, da ku nake. Ranar rantsar da sababbin ɗalibai adadi na bakinku, dubu kaza muka ɗauka. Ranar yaye su ma haka, har da yawan masu daraja ta ɗaya. To yaran da suka zube a aji biyu da aji uku fa, wanene a cikinku ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya faɗi yawansu? Ko makiyayi ba ya kwanciya sai ya ƙirga abin da ya dawo garke. Wannan sakaci ne, kuma naku ne.

Ku shigo unguwar Babban Giji ku gani. Yaro zai fito da sassafe ya tari adaidaita sahu a Gyadi-Gyadi, ya sauka a Kabuga, ya sake hawa wata zuwa titin Gwarzo. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin motar nan ya gagari gidaje da yawa. Sai ya fara zaɓen ranakun da zai je lakca. Gwaji ya wuce shi, ya kwaso kariyoba, makinsa ya faɗi ƙasa, aka sallame shi. Ga shi nan zaune a shagon cajin waya, in ka ce "ya karatu?" sai ya ce "ana ta fama", alhali ya shekara bai taka ƙofar makaranta ba. Wani ma mahaifinsa bai sani ba.

Za ku ce babu kuɗi, kuma da gaskiyarku. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da Jami'ar Bayero ta ƙara kuɗin rajista a 2023, sai da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da naira miliyan 700 don ɗalibai 7,000 'yan asalin jihar. A 2024 asusun lamunin karatu na NELFUND ya fara aiki. Duk wannan daga waje ya zo muku. Ku daga ciki, me ya hana ku nemo yaron da ya daina zuwa?

Kun ɗora nauyin nan kan kodinetan aji: malami ɗaya, ɗalibai birjik, ga koyarwa, ga makin jarrabawa, ga nasa digirin na uku da bai gama ba. Sa hannu a takardar rajista kaɗai ya ishe shi aiki, ina ya ga lokacin tambayar yarinya me ya hana ta zuwa mako uku? Ofishin ba da shawara kuwa, ɗalibi nawa ne ya san inda ƙofarsa take?

Kuna da mataimakan shugaba, kuna da shugaban sashen harkokin ɗalibai, kuna da daraktoci da motocinsu. Ku ware mutum ɗaya da sunansa, wanda majalisar malamai za ta tsayar kowane zango ta ce: nawa ne ba su dawo ba, kuma don me? Lambar wayar kowane ɗalibi tana cikin kwamfutarku tun ranar da ya cike fom. Wanda bai yi rajista ba a kira shi, a kira mahaifinsa, a raba masa kuɗin kashi-kashi, a zaunar da shi ya cike takardar lamuni. Kafin ku sa hannu a takardar korar ɗan wani, ku fara nuna mana ranar da kuka neme shi.