Shirun Manhajar Ajiya Ba Shaidar Lafiya Ba Ne

Tun shekarar 1972 kamfanin IBM ya fito da tsarin VM/370, wanda ke raba babbar kwamfuta guda ta zama tamkar kwamfutoci da yawa, kowace da nata aikin. Kamfanin VMware, da aka kafa a 1998, shi ya yaɗa dabarar zuwa ƙananan na'urori. Irin waɗannan su ne kwamfutocin kwaikwayo: ba su da gangar jiki, zaune suke a matsayin fayiloli cikin uwar na'ura. A kansu jami'o'i da bankuna da dama ke ɗora bayanansu a yau.

Domin gudun asara, akwai manhajar da ke adana kwafinsu, galibi da dare. Takan ɗauki hoton faifan kwamfutar yadda yake a daidai wannan lokaci, ta kwafe shi zuwa wani rumbu, sannan ta aika wa jami'in kula da na'urori rahoto: kore in an gama lafiya, rawaya in da 'yar matsala, ja in aikin ya faskara.

To, amma ba kowace kwamfutar kwaikwayo take iya karewa ba. A tsarin VMware akwai faifan da ake saitawa mai zaman kansa, wanda hoton ba ya haɗawa da shi. Wani lokaci rumbun ne ya cika, wani lokaci kuma an sauya kalmar sirri, manhajar ta rasa izinin shiga. Duk waɗannan da sauƙi, domin sukan bar alama. Mafi haɗari ita ce sabuwar kwamfutar da aka ƙirƙira cikin 'yan mintoci, aka manta ba a sa ta cikin jerin ajiya ba. Rahoto zai ci gaba da zuwa kore shar, alhali ita tana nan ba kwafi ko ɗaya. Makiyayin da bai san yawan garkensa ba, ta yaya zai gane an yi masa ɓarin saniya?

Saboda haka manhajar da ta cancanci amana ita ce mai kwatanta jerin duk kwamfutocin da ke cikin uwar na'ura da jerin waɗanda ta kwafe, ta kuma ambaci sunan kowace da ta rage. Faifan da aka tsallake kuwa, ja ya kamace shi, domin rabin kwafi yakan yaudari mai shi.

Sai dai gargaɗin da bai isa kunne ba, da shi da babu duk ɗaya. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kimanin gigabait 300 na bayanai bisa kuskure. Da aka waiwayi ajiya, sai aka tarar ɗaya daga hanyoyinta ta daina aiki saboda saɓanin zubin manhaja, saƙonnin imel masu sanar da hakan kuma ana mayar da su tun kafin su isa. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa bayanan kimanin awa 6 sun salwanta.

Wani zai ce yawan gargaɗi yakan gundiri jami'i har ya daina karantawa. Gaskiya ne, amma maganin shi ne a tace saƙonnin, a ɗora kowane a wuyan wani takamaiman mutum. Ya kamata rahoto ya riƙa zuwa kullum ko da lafiya lau, ta yadda rashin zuwansa ma zai zama ƙararrawa. Haka nan wajibi ne lokaci zuwa lokaci a gwada tayar da kwamfuta daga kwafinta, don a tabbatar yana aiki. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.