Rufin asiri daban, rufa-rufa daban

'Yan uwana ɗalibai 'yan Arewa, yau kam sai kun yi haƙuri da ni.

Shekaranjiya wata ƙanwarmu ta rubuta a zaurenmu na WhatsApp cewa wani malami ya riƙe mata sakamakon jarrabawa, wai sai ta same shi a ofis ita kaɗai bayan an tashi. Ko minti goma ba a yi ba admin ya goge saƙon. Da na kira shi sai ya ce min, "Haba ɗan uwa, mu fa baƙi ne a Legas, a rufa asiri mana." Wallahi tun daga Agege har na iso shagon kawuna a Apapa maganar nan take ci na a rai.

To asirin wa ake rufawa?

Rufin asirin da iyayenmu suka koya mana shi ne ka ga gidan maƙwabci ba a hura wuta ba, ka aika da kwanon tuwo bayan isha'i ba wanda ya ji. Ko mutum ya yi kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa, ya tuba, ka kama bakinka. Mai rauni ake rufa wa asiri. In mai ƙarfi ya danne na ƙasa, aka ce wanda aka zalunta ya yi shiru, sunan wannan rufa-rufa. Mun ɗauko kalma mai daraja mun lulluɓe ƙazanta da ita.

A 1984 gwamnatin soja sai da ta kafa Doka ta 4 kafin ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian. Mu ba ma buƙatar doka, "a rufa asiri" kawai za a ce, kowa ya yi tsit.

Ku tuna Oktoban 2019, lokacin da BBC ta fitar da binciken Kiki Mordi kan malaman da ke lalata da ɗalibai don maki. Sai da kyamarar ɓoye ta shiga Jami'ar Legas sannan aka dakatar da malamai. Da ita ma ta kama bakinta fa?

Don Allah shugabannin ƙungiya, ku kira yarinyar nan, ku taya ta rubuta ƙorafi, ku raka ta ta miƙa shi ga hukumar makaranta. Sunanta kuma kada ya fita waje. Ita ce ke buƙatar rufin asiri. Admin, ina jiran amsarka a nan, a bainar jama'a.