Fiziks Ba Zauren Baƙi Ba Ne

Kowace shekara akan turo wa sashen fiziks waɗansu 'yan'uwa da suka nemi likitanci ko injiniya ba su samu ba. Akan ce musu su zauna tukuna, in Allah ya so baɗi a yi musu canji. Mu dai ra'ayinmu shi ne, wannan al'ada tana cutar su, tana kuma cutar sashen.

Dalili kuwa, shekarar fari tana da ruɗi. Dokokin motsi na Newton ne, waɗanda ya wallafa tun 1687, da ɗan bayanin zafi da haske, watau abin da aka taɓa a sakandare. Sai mutum ya ɗauka ruwan iya gwiwa ne. A shekara ta biyu lissafi ke tasowa gadan-gadan, har ka iske an shafe makonni a kan ƙa'idoji huɗu na Maxwell, waɗanda suka tattara sha'anin lantarki da maganaɗisu cikin rabin shafi. Wanda zuciyarsa ke asibiti, ina zai sami haƙurin wannan? Haddar da ta fisshe shi a sakandare ba ta da wani tasiri a nan.

Amma abin da ya fi damunmu yana ɗakin gwaje-gwaje. Ga gwaji mafi sauƙi: a rataye ɗan curin ƙarfe da zare, a bar shi yana lilo, a auna lokacin lilo 20, a fitar da ƙarfin jan ƙasa. Littafi ya ce 9.8. Wanda ya auna da kyau a ƙasarmu zai sami wajen 9.78, domin muna kusa da tsakiyar duniya, inda jan ya ɗan ragu. To, idan ɗalibai 15 suka taru a kan agogo guda, biyu ne za su auna, saura su kwafi rahoton bara, kowa ya rubuta 9.8 ya huta. Alhasan Ibnul Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira shekaru dubu da suka wuce, da gwaji ya tabbatar da cewa haske a miƙe yake tafiya, alhali ba shi da ko kwan fitila.

Masu cewa ƙarshenmu alli da allo, ba mu ƙi ba, koyarwa ba abin kunya ba ce. Sai dai su tuna cewa tun 2004 aka kunna injin nukiliya na bincike a Zariya, kuma kowane injin gashin ciwon daji yana bukatar masanin fiziks da zai auna yawan hasken da za a sakar wa majiyyaci. Wanda ya saba kwafar rahoto, za mu yarda ya auna wa iyayenmu?

Saboda haka muna roƙon hukumomin jami'a su riƙa tambayar ɗalibi kafin su turo shi. Ku kuma yayyenmu da kuka kama aiki a ma'aikatu, idan takardar kasafin kuɗi ta biyo ta teburinku, ku duba layin gyaran kayan awo da albashin masu kula da su, domin shi akan fara sokewa.